Zauren Ɗalibai: Taiwo Ajai-Lycett, yarinyar da ta bar aji tana da shekara 15

Da fatan an koma aji lafiya, an kuma fara shirin gwajin tsakiyar zango tun kafin ya ƙarato. A makon jiya na yi muku alƙawarin za mu tattauna yadda ake tsara jadawalin karatun dare. To ku yi mini afuwa, na ɗage wannan zuwa mako mai zuwa saboda wata baƙuwa da na yi.

Ranar Asabar da la'asar ina tsakar gida ina duba littattafan 'yan ajina sai na ji sallama. Wata tsohuwar ɗalibata ce, goye da yaro. Na koyar da ita Turanci tun daga aji ɗaya har zuwa aji huɗu na sakandare, kuma a duk waɗannan shekaru ba ta taɓa fita daga cikin biyar ɗin farko ba. A tsakiyar aji huɗu aka yi mata aure, bisa alƙawarin za ta ci gaba da karatu daga ɗakinta. Alƙawarin bai cika ba, auren ma bai yi ƙarko ba. Yanzu tana gidan iyayenta, shekararta 19, da ɗa guda. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: "Malama, ƙawayena duk sun yi kandi, wasu ma suna aji biyu a jami'a. Ni kam tawa ta ƙare ke nan ko?"

Da na ce mata "a'a" kawai, na san za ta ɗauka lallashi ne irin na malami da ɗalibarsa. Saboda haka sai na ce ta kwance goyon ta gyara zama, na ba ta labarin wata mata da na daɗe ina bibiyar rayuwarta. Kafin ta tafi na nemi izininta in kawo maganar nan ba tare da na ambaci sunanta ba, ta amince. Na san akwai irinta da yawa cikin masu karanta wannan shafi, wasu kuma suna da yaya ko ƙanwa ko maƙwabciya da ke cikin wannan hali.

Wace ce Taiwo Ajai-Lycett?

Waɗanda ke kallon tashar Africa Magic sun san fuskarta a shirin Tinsel mai dogon zango. Waɗanda suka kalli King of Boys: The Return of the King, wanda Kemi Adetiba ta shirya aka saka a Netflix a 2021, za su tuna wata tsohuwa mai izza da ke juya matar ɗanta, matar gwamna, kamar waina a tanda. Ita ce. Lokacin da ta fito a wannan shiri shekararta 80.

An haife ta a Legas ranar 3 ga Fabrairu, 1941. Sunanta ma ya faɗi matsayinta a gida, domin a wajen Yarabawa Taiwo shi ne sunan wanda ya fara fitowa cikin tagwaye, kamar yadda mu muke da Hassana da Usaina. Ta yi firamare a makarantar Mount Carmel, ta wuce Methodist Girls' High School, duk a Legas. A wancan zamani, kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, yarinyar da ta kai sakandare ta shiga sahun 'yan ƙalilan, kuma iyayenta na da dalilin sa rai a kanta.

Tana da shekara 15 ta yi ciki, ta haihu. Karatu ya tsaya cak. Iyayenta suka yi fushi matuƙa, kuma kamar yadda ita da kanta take bayarwa a hirarrakin da ake yi da ita, matsayinta a gidan ya koma kamar na 'yar aiki. Ba a jima ba uban yaron ya rasu a haɗarin jirgin ƙasa da aka yi a Lalupon, kusa da Ibadan, a watan Satumban 1957. Ku lissafa da kanku: tana da shekara 16, ga jariri a hannu, babu takardar shaidar kammala sakandare, babu mai tsaya mata.

Bari in tsaya nan in faɗi wani abu ƙarara, don kada wani ya ce Malama ta zo tana yaba wa ɓarna. Abin da ya faru da ita kuskure ne babba, ita ma ba ta taɓa fitowa ta ce abin koyi ba ne. Ya cinye mata ƙuruciyarta, ya raba ta da iyayenta na tsawon lokaci. Dalilin da ya sa na kawo labarin shi ne abin da ta yi bayan ta faɗi. Ɗalibata ba irin wannan kuskure ta yi ba, aure aka yi mata na sunna, amma sun haɗu a wuri ɗaya: an wayi gari ajinsu ya wuce ya bar su, da ɗa a baya.

Abin da Taiwo ta fara yi shi ne neman ajin yamma. Da rana aikin gida da raino, da yamma ta ɗauki littafi ta tafi. Ba wanda ya kai ta, ita ta kai kanta.

Landan: faranti da keken rubutu

A daidai lokacin da Najeriya ke shirin karɓar mulkin kai ta samu hanyar tafiya Ingila ta dalilin wani aure. Wanda bai sani ba zai ce ai shi ke nan, kakarta ta yanke saƙa. Ba haka aka yi ba. A Landan aikin kai abinci tebur ta fara yi a ɗaya daga cikin shagunan shan shayi na kamfanin Lyons, tana ɗaukar faranti tana goge tebur, mijin kuma yana karatu. Auren ya zo da duka da wulaƙanci, a ƙarshe ta tattara kayanta ta fita.

A cikin wannan hali ba ta saki karatun dare ba. Ta koyi buga keken rubutu da aikin sakatariya, abin da ya ba ta damar samun aiki a hukumar gidan waya ta Birtaniya a 1962. Ta yi ta hawa har ta zama babbar sakatariya a ofishin Lord Hall, wanda ya shugabanci hukumar. Daga baya ta koma harkar tallace-tallace. Ta yi kwas na gyaran jiki da kwalliya a makarantar Christine Shaw, sannan a 1969 ta samu babbar difloma a fannin kasuwanci daga kwalejin fasaha ta Hendon. Shekararta 28 a lokacin, wato shekara 13 bayan ta bar ajin sakandare.

Wannan lissafi na shekara 13 shi na fi nanata wa baƙuwata. Ita shekara uku kacal ta yi da barin aji, amma tana ganin kamar an rufe ƙofa an jefa makulli a rijiya.

Yadda ta shiga wasan kwaikwayo

Masu ɗaukar darasin adabin Turanci a cikinku sun san littafin The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, labarin Sidi kyakkyawar ƙauyen Ilujinle, da malamin makaranta Lakunle, da tsohon basarake Baroka. A watan Disambar 1966 aka shirya nuna wannan wasa a gidan wasan Royal Court da ke Landan, wanda William Gaskill ke jagoranta a matsayin darakta a lokacin. Taiwo ta je wurin da ake gwajin wasan, ba da niyyar neman shiga ba. Daraktan ya gan ta, ya tambaye ta ko za ta shiga. Ta karɓa, aka ba ta matsayin ɗaya daga cikin 'yan matan ƙauye. Ƙaramin matsayi ne, amma daga nan aka fara nemanta.

A nan ne akasarin masu ba da labarinta suke cewa sa'a ce. Na yarda akwai rabo a ciki. Sai dai ku duba abin da ta yi da rabon. Ba ta ɗauka cewa tunda darakta ya yaba da ita to ta iya ba. Ta je ta yi rajista a makarantar Guildhall, ɗaya daga cikin fitattun makarantun koyon kiɗa da wasan kwaikwayo a Landan, ta koyi sarrafa murya da numfashi da motsin jiki a kan dandamali. Kuma ba ta ajiye aikin ofis ba sai a 1972, kusan shekara shida bayan fitowarta ta farko. A tsakanin nan ne ma ta kammala diflomar da na ambata.

Daga nan ta yi wasanni a dandamali daban-daban na Birtaniya. Ta fito a fim ɗin A Warm December na 1973, wanda shahararren ɗan wasan Amurka Sidney Poitier ya ba da umarni kuma ya fito a ciki. Ta fito a shirin barkwanci na BBC mai suna Some Mothers Do 'Ave 'Em, wanda iyayenku da yawa za su tuna da sunan Frank Spencer, sakaran nan da duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Ni ma a talabijin mai baƙi da fari ta gidan maƙwabtanmu na san shi, a zamanin da yaran unguwa kan cika tsakar gida ɗaya don kallon Samanja da Karkuzu. A 1976 ta koma Royal Court, inda aka fara ganinta shekara goma baya, amma a wannan karon ita ce kan gaba a wasan Parcel Post na Yemi Ajibade.

Ba wasa kaɗai ta tsaya a kai ba. A 1975 ta shiga aikin jarida tare da Raph Uwechue, mawallafin mujallar Africa, ta kuma zama editar farko ta mujallar Africa Woman. A wannan shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a matsayin shekarar mata ta duniya, ta kuma halarci tarukan da aka yi a matsayin 'yar jarida. Ku tuna, wannan ita ce yarinyar da ba ta gama sakandare tare da 'yan ajinsu ba.

Dawowa gida

A ƙarshen shekarun 1970 ta dawo Najeriya tare da mijinta na biyu, Thomas Lycett, Baturen da take ɗauke da sunansa har yau. Takan ce shi ne ya ƙarfafa mata gwiwa ta riƙe wasan kwaikwayo da muhimmanci. Ta dawo a lokacin da talabijin ke bunƙasa a ƙasar nan, domin a 1977 ne aka haɗe tashoshin jihohi ƙarƙashin hukumar NTA, shiri ɗaya ya zamana ana iya ganinsa daga Legas har Sakkwato da Maiduguri. Ta fito a shirye-shirye irin su Winds Against My Soul da For Better For Worse, ta kuma ci gaba da wasan dandamali, ciki har da Death and the King's Horseman na Soyinka da Song of a Goat na J.P. Clark. Mijin nata ya rasu tana cikin shekarunta na hamsin.

A 2006 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ba ta lambar girmamawa ta ƙasa ta OON. A wannan shekarar ce kuma, tana da shekara 65, wasu 'yan fashi suka shiga gidanta a unguwar Egbe da ke Legas, suka ɗaure ta, suka yi mata duka, suka keta mata haddi. A lokacin tana gudanar da wata makaranta mai zaman kanta a unguwar, dole ta rufe ta. Ba wani ne ya tona wannan labari ba. Ita ce ta zaɓi ta faɗe shi da bakinta a gaban 'yan jarida, a ƙasar da wadda aka zalunta ita ake sa wa ta rufe baki don gudun abin kunya, azzalumin kuma ya yi ta yawonsa.

Bayan wannan ma ta dawo aiki. Ta shiga Tinsel. Ta fito a fim ɗin Dazzling Mirage na Tunde Kelani, labarin wata budurwa mai ciwon sikila da irin gwagwarmayar da take yi da aiki da neman aure, fim ɗin da nake ba kowane ɗan babbar sakandare shawarar ya nema ya kalla kafin ya fara maganar soyayya bai san rukunin jininsa ba. Ta fito a Oloibiri, wanda aka gina kan garin da aka fara samun man fetur a Najeriya a 1956. Ta kuma shiga wasan dandamali na Hear Word!, wanda Ifeoma Fafunwa ta shirya kan matsalolin matan Najeriya.

Abin da na tsinta a cikin labarin

Na karanta hirarrakinta da dama, na kalli wasu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda take ba da labarin abubuwan da suka same ta. Ba ta ɓoye cikin da ta yi tana yarinya, ba ta ɓoye dukan da ta sha a auren farko, ba ta kuma neman a tausaya mata. Tana faɗin su ne kamar yadda mutum ke lissafa garuruwan da ya ratsa a hanya. Inda laifinta ne takan ce nata ne. Inda zaluntar ta aka yi takan kira shi zalunci, ba ta ɗora wa kanta.

Wannan rarrabewa tana da amfani gare ku tun yanzu. Akwai ɗalibin da ya faɗi jarrabawa saboda ya kwana yana latsa waya, amma sai ya ce malami ne ba ya son sa. Akwai kuma yarinyar da aka cire daga makaranta ba da son ranta ba, amma ita ke yawo da kunya kamar ta yi sata. Na farkon ya ƙi ɗaukar kayansa, ta biyun ta ɗauki kayan da ba nata ba. Duka biyun ba za su iya tafiya ba sai kowa ya san nasa.

Abu na biyu shi ne ƙananan sana'o'in da ta bi ta kansu. Buga keken rubutu ba abin alfahari ba ne a idon mai mafarkin zama likita, amma shi ya fitar da ita daga ɗaukar faranti zuwa ofis, albashin ofis ɗin kuma shi ya biya kuɗin sauran karatun. A yau abin da ya maye gurbin keken rubutu shi ne kwamfuta. Yarinyar da ta iya buga takarda da sauri, ta iya tsara lissafi a kwamfuta, za ta iya samun abin sayen sabulu da kuɗin rajistar jarrabawa ba tare da ta miƙa hannu ga kowa ba. Haka ɗinki, haka saƙa, haka girkin sayarwa. Da yawa daga cikinku na raina irin waɗannan saboda kuna ganin ba su ne burinku ba. Ai ba a ce ku tsaya a nan ba, tsani ne.

Abu na uku na masu sha'awar fim ne, kuma na san kuna da yawa, domin duk lokacin da na tambayi 'yan aji abin da suke son zama sai na samu masu cewa jarumi ko jaruma. Ba zan ce muku sana'ar banza ba ce, tunda ga wadda ta yi fiye da shekara 50 a cikinta da mutuncinta. Amma ku lura da tsarin da ta bi. Ta je makaranta ta koyi aikin. Ta riƙe aikin da ke ciyar da ita har sai da ta tabbatar ƙafarta ta kafu. Tana da takardar kasuwanci, ta iya aikin jarida, ta san harkar talla, saboda haka ranar da babu wasa ba ta rasa abin yi ba. Mun sha jin tsofaffin 'yan wasanmu na Hausa suna kokawa da halin da suka shiga bayan ƙarfi ya ƙare, mutanen da suka sa mu dariya shekara da shekaru. Wanda zai bar aji uku ya tafi neman a saka shi a fim, ko ya dogara da yawan mabiya a TikTok, ya tambayi kansa abin da zai ci ranar da aka daina kallonsa.

Kada a ce sai a Legas ko Landan

Da na kai nan a labarin, baƙuwata ta ce: "Malama, ai ita Ingila ta je. Ni ina zan je?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana nan kusa da mu.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar nan ta Kano, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, auren kuma bai daɗe ba. Ta hanyar ajin ilimin manya ta koma karatu. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, kuma an fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci an buga shi a Indiya a 2012. A yau ɗaliban jami'a na rubuta kundin digiri a kan littattafanta. Ba ta je Landan ta yi karatun ba, a Kano ta yi.

Hanyoyin kuwa suna nan. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sauran jihohinmu ma suna da irinta, da cibiyoyin mata inda matan aure da zawarawa ke karatu su kuma koyi sana'a. Hukumomin WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawar 'yan waje, wadda mutum zai yi rajista da kansa ya zauna ba sai yana sanye da kayan makaranta ba, kuma takardar da zai samu ana karɓarta wajen neman gurbin karatu. Hukumar NABTEB na yin jarrabawar fannonin sana'a da kasuwanci. Wanda ya haɗa kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, zai iya neman kwalejin ilimi ko ta kiwon lafiya ko jami'a. Ga kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN, mai cibiyoyi a jihohi, wadda aka tsara ta domin masu aiki da masu raino.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Akwai kuɗin rajista, akwai wanda zai riƙe yaro, akwai maganganun mutane, akwai nauyin zama aji ɗaya da waɗanda ba su kai ƙannenka ba. Wanda duk ya ce muku babu wahala bai gwada ba ne. Amma wahalar shekara biyu ko uku ce, zaman jiran kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

Ku kuma samari

Kada ku ce wannan zance na mata ne ku juya shafi. A labarin Taiwo akwai maza iri biyu: wanda ya doke ta alhali tana aiki yana karatu, da wanda ya ce mata ta riƙe baiwarta ya kuma tsaya mata. Nan da shekara goma yawancinku za ku zama mazajen wasu, kuna kuma da ƙanne mata tun yanzu. Idan ana maganar cire ƙanwarka daga makaranta, kana da bakin da za ka roƙi Baba cikin ladabi a bar ta ta kammala, ko a rubuta sharaɗin karatun a gaban waliyyai, a kuma bi sawu bayan biki. Idan yayarka ta dawo gida da goyo, riƙe mata yaro na awa biyu ta je aji ba zai rage ka da komai ba. Sannan ku daina yi wa wanda ya girme ku a aji dariya. Wanda ya dawo aji bayan shekaru ya fi ku sanin abin da ya kawo shi.

Su ma samarin da suka bar makaranta suka kama acaɓa ko zaman kasuwa, duk hanyoyin da na lissafa a sama nasu ne.

Yadda muka rabu da baƙuwata

Da magariba ta gabato ta ɗauki ɗanta ta goya. Na shiga ɗaki na ɗauko mata tsofaffin littattafan Turanci da Lissafi na aji huɗu da biyar, da tarin tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Muka yi yarjejeniya: duk Asabar da la'asar za ta zo mu yi awa ɗaya, Lissafi kuma na haɗa ta da wata abokiyar aikina. Abin da ya rage shi ne amincewar mahaifinta, domin a yanzu maganar da ake yi a gidansu ta sabon aure ce. Ta roƙe ni in je in same shi. Na ce mata zan je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tare da maigidana, tunda sun san juna. Ban san amsar da zai ba mu ba. Abin da zan roƙa shi ne, ko da auren za a yi, a bar ta ta zauna jarrabawar tukuna. Ku taya mu da addu'a, zan kuma sanar da ku yadda muka yi.

Aikin gida na wannan mako

Kowannenku ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen waɗanda kuka fara aji ɗaya na ƙaramar sakandare tare amma yanzu ba sa zuwa. Ku riƙe sunayen a wurinku, kada ku aiko mini da su. Ku zaɓi mutum ɗaya a ciki, ku ziyarce shi ko ita, ku kai masa wannan shafi ya karanta. Sannan ku tambayi shugaban makarantarku ko malamin ajinku inda cibiyar ilimin manya mafi kusa da unguwarku take, da lokacin da ake buɗe rajistar jarrabawar 'yan waje, ku kai masa bayanin. Wanda ya yi, ya rubuto mini yadda ziyarar ta kasance cikin layi goma, ba tare da ambaton suna ba. Zan zaɓi uku in buga a wannan zaure.

Sai mako mai zuwa, inda za mu koma kan jadawalin karatun dare kamar yadda na alƙawarta. Ku gaida malamanku da iyayenku.

Taku,
Malamar Zaure